TUNAWA DA LAYIN DOGO NA ƘASARMU

Gabatarwa

 Kwamitin shirya bikin cikar ikilisiyarmu shekara 50 ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihin ƙasarmu, domin a haɗa shi da tarihin ikilisiya da ke cikin wannan ɗan littafi. Na zaɓi in yi magana a kan jirgin ƙasa.

Wani zai ce, ina ruwan Ƙanƙara ko Sabuwa da jirgin ƙasa, tun da ba a taɓa kafa tasha a cikin garuruwan nan biyu ba? Gaskiya ne. Amma layin da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, ya ratsa ƙasar Faskari ya nufi Tsafe da Gusau har Ƙauran Namoda, shi ne ya sauya noma da ciniki da zaman jama'a a dukan kudancin Katsina. Audugar da iyayenmu suka noma ta kansa ta fita. Yawancin baƙin da suka zauna tare da mu ta kansa suka shigo. Yau ga yaranmu sun girma ba su taɓa jin kukan jirgi ba, dattawan da suka san aikin kuma suna ta ƙarewa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, saboda haka bari mu waiwaya.

Kafin zuwan dogo

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar nan ƙasar auduga ce. Ruwan sama ya fi na arewacin Katsina yawa, ƙasar kuma tana da ƙarfi. An san Maska da saƙa da rini. Mata suna kaɗi a cikin gida, masaƙa suna saƙa, fatake kuma suna ɗora kaya a kan jakuna da takarkarai su nufi Kano, ko Zariya, ko ƙasar Nupe. Tafiyar da mota take yi yau cikin 'yan sa'o'i, a wancan zamani ayari yakan kwana da yawa a kanta, ga haɗarin 'yan fashi, ga rafuka da damina. Jaki kuwa abin da zai iya ɗauka kaɗan ne. Don haka manomi ba ya noma fiye da abin da gidansa zai ci da ɗan abin da kasuwar kusa za ta saya.

Yadda dogo ya iso Arewa

Turawan mulki sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko, wato Legas, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuma aka fara wani layin daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗa shi da layin Ikko, ya zama kaya suna iya tashi daga Kano har bakin teku.

Ba da inji aka yi wannan aiki ba. Da diga da shebur da kwando aka yi shi, har mutanenmu suka riƙa kiransa aikin diga. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake tara leburori, kuma da yawa daga cikinsu ba da son ransu suka bar gonakinsu ba. Ana biyansu da kuɗin Turawa, da waɗannan kuɗin kuma ake karɓar haraji. Ta haka sule da kwabo suka ture wuri a kasuwanninmu. Ya kamata mu tuna da wahalar waɗannan talakawa duk lokacin da muke yabon dogo, gama a kan guminsu aka shimfiɗa shi.

Abin da Turawa suka sa rai a kai shi ne auduga. Masaƙun Ingila suna neman inda za su samu auduga ban da Amurka, shi ya sa aka kafa kamfanin BCGA a 1902. Amma da dogo ya isa Kano, sai manoman can suka ga gyaɗa ta fi riba, suka karkata gare ta. Auduga kuwa ta kafu a arewacin Zazzau, da kudancin Katsina, da gabashin lardin Sakkwato. A shekarun 1920 aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa, cikin ƙasar Faskari, inda ake yawaita irin da za a raba wa manoma. Da noman ya yi yawa sai ya zama tilas a nemi hanyar kwashe shi.

Reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda

A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka shimfiɗa reshe daga Zariya zuwa arewa maso yamma. An gama shi har Ƙauran Namoda a 1929, tsawonsa wajen kilomita 220. Faɗinsa ɗaya da na babban layi, wato ƙafa 3 da inci 6, saboda haka taragon da aka yi wa lodi a Funtuwa yana iya tafiya har tashar jiragen ruwa ta Apapa ba a sauke kayan a hanya ba.

Layin bai kai Sakkwato ba, haka kuma bai shiga birnin Katsina ba. A shekarar da aka gama shi ne tattalin arzikin duniya ya karye, farashin amfanin gona ya faɗi. Bayan an kai dogo Nguru a 1930, aka gama gadar Makurɗi a 1932, ba a sake wani babban aikin dogo a ƙasar nan ba sai layin Barno, wanda aka fara a 1958 ya isa Maiduguri a 1964. Wannan ya sa Funtuwa ta zama ƙofar jirgi ta lardin Katsina.

Kafin nan Maska ce babban gari, har yau ma sarautar Sarkin Maska ce take riƙe da Funtuwa. Amma tasha ta jawo komai zuwa Funtuwa: injin gurzar auduga, da ɗakunan ajiya, da kantunan kamfanonin Turawa, da dillalai, da 'yan dako. Da kaka, bayan an tsinke auduga, manomin Sabuwa ko Ɗandume, ko na Ƙanƙara da Bakori, yakan kai tasa kasuwar auduga. A duba ta, a ɗora a sikeli, a biya shi. Daga nan a kai ta Funtuwa a gurje, a raba ta da angurya, a ɗaure ta cikin manyan ɗauri, a loda a tarago. Taragon da ya tafi da auduga da gyaɗa da fatu yakan komo da gishiri, da kananzir, da kwanon rufi, da siminti, da atamfa, da goro daga Kudu. Kuɗin haraji, da na aure, da na keke, da na makarantar yara, a yawancin gidajenmu daga nan suke fitowa. Mutumin da bai taɓa ganin jirgi da idonsa ba ma yana cin albarkacinsa.

Tasha da loko

Ga waɗanda ba su gani ba, bari in bayyana yadda aikin yake. Layi guda ne, jirgi mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi. A tasha ne kawai ake da layi biyu ko fiye, inda wani zai rakuɓe wani ya wuce. Domin kada jirage biyu su yi karo, direba ba ya barin tasha sai shugaban tasha ya miƙa masa wata sanda ta ƙarfe, wadda ita ce izinin shiga wannan yanki. Kafin a fitar da sandar sai an yi magana ta waya da tasha ta gaba. A kowace tasha akwai mai sayar da tikiti, da akawun kaya, da mai juya layi, da mai fitila. Agogon tasha shi ne agogon gari. Mata masu tallar abinci sun san lokacin isowar jirgi kamar yadda suka san lokacin ɗora tukunya.

Kan jirgi na farko da kwal da ruwa yake aiki. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. Mai hura wuta yana zuba kwal da shebur, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura ƙafafun. Yana shan ruwa da yawa, shi ya sa ake kafa manyan tankuna a tashoshi, kuma neman ruwa da rani babban aiki ne a wannan layi.

Gidan da ake kula da kawunan jirgi shi ake kira loko. Babban loko na wannan yanki yana Zariya, domin nan ne mahaɗa. In kan jirgi ya dawo daga tafiya, a zubar da toka, a share bututunsa, a zuba mai a gaɓoɓinsa, a cika shi da kwal da ruwa. Lokaci lokaci a kashe wutar gaba ɗaya a wanke tukunyar, domin dattin ruwa yana toshe ta. Akwai rami a ƙarƙashin layi inda makanikai suke shiga su duba cikinsa. Yaro yakan fara da goge kan jirgi, bayan shekaru ya zama mai hura wuta, bayan wasu shekarun kuma ya zama direba. Ba a tsallake mataki.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, wato leburorin kan layi. An raba dogo kashi kashi, kowane kashi da ƙungiyarsa da helumanta. Kowace safiya wani yakan taka nasa yankin da guduma a kafaɗa, yana duba ƙusar da ta kwance, da tsakuwar da ruwa ya kwashe, da kwalbatin da ya toshe. Waɗannan mutane suna kwana a 'yan gidaje a tsakiyar daji. Ba a rubuta sunayensu a littafi ba, amma don suna fita kowace rana ne jirgi yake isa lafiya.

Zariya tana da wani layin kuma wanda ya ɓace ƙurmus. Shi ne ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau dutse zuwa Jos da Bukur a 1914, domin kwasar kuza. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927 sai amfaninsa ya ragu, aka rufe shi a 1957. Wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga abin da aka adana na jiragensa. Wannan ya nuna mana cewa layin dogo yana iya shuɗewa har jikoki su yi musun an taɓa yinsa.

Mutanen da dogo ya kawo

Reluwe ta ɗauki ma'aikata daga ko'ina: Yarbawa, da Ibo, da mutanen Binuwai da Filato da kudancin Zazzau, har da na Saliyo da Gana. Suka zauna a kwatas na Reluwe da unguwannin baƙi na Zariya da Funtuwa da Gusau. Hausa ce ta haɗa su da mutanen gari, 'ya'yansu da yawa kuma sun tashi ba su da harshen da ya fi musu Hausa sauƙi. Ma'aikatan nan ne ƙashin bayan babban yajin aiki na 1945, wanda Michael Imoudu, shi ma ɗan Reluwe, ya yi suna a cikinsa.

A nan tarihin dogo ya taɓa namu. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci, amma ba ta hana baƙi yin sujada a unguwanninsu ba. Saboda haka a garuruwan tasha da yawa, masu bi na farko akawuna ne da makanikai da 'yan kasuwa, waɗanda suka fara taruwa a ɗakin ɗaya daga cikinsu kafin su gina majami'a. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shekara 3 bayan gama wannan layi. Littattafai, da magunguna, da wasiƙu, da ɗaliban da suke tafiya makarantu masu nisa, duk jirgi ne yake ɗaukarsu. Bishara ta shiga ƙauyukanmu da ƙafa da keke, amma tasha ce ta rage wa masu kawo ta nisan tafiya.

Jirgin da ya kawo baƙi shi ne kuma ya kwashe da yawansu a rikicin 1966, cikin tsoro da hawaye. Dattawanmu, Kirista da Musulmi, sun san maƙwabtan da suka tafi ba su dawo ba, sun kuma san waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu har suka tsira. Allah kada ya maimaita mana.

Yadda dogo ya lalace

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. A 1964 ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza, ga dalilan.

Na farko, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raba hukumar da ƙwararrun ma'aikata masu yawa, ya kuma yanke hanyar kwal daga Inugu. Aka koma ga kawunan jirgi masu shan man dizal, waɗanda kayan gyaransu sai daga ƙasashen waje. Da jirgin kwal ya ƙare, tankunan ruwa da ramukan toka da sana'ar hura wuta suka ƙare tare da shi.

Na biyu, kayan da jirgi yake ɗauka sun ragu. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, sun kawo ƙarshen dalar gyaɗa. Kuɗin man fetur ya sa hankalin hukuma ya bar gona. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, daga baya kuma masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, an zuba kuɗi a kan tituna, aka bar dogo yadda Turawa suka bar shi, da kwane-kwanensa da tsofaffin gadojinsa. Babbar mota tana zuwa har kasuwar Sheme ko Ɗandume ta yi lodi, ta isa Legas kafin tarago ya bar Zariya. Ɗan kasuwa kuwa ba ya jira.

An yi ƙoƙarin ceto. Daga 1979 zuwa 1982 an ba ƙwararru daga Indiya riƙon hukumar, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. Aka yi ta rage ma'aikata, tsofaffi suka yi ta jiran fansho. Ba wanda ya tara jama'a ya ce yau an rufe layin Ƙauran Namoda. Jirgin da yake zuwa kullum ya koma zuwa jefi jefi, sa'an nan aka wayi gari an daina jiransa. Da aka janye masu taka layi da guduma, ruwa ya ci gindin dogo, ciyawa ta rufe shi, ɓarayin ƙarfe suka samu ƙofa, masu gini kuma suka matso cikin filayen tasha. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. An sake buɗe layin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012 bayan gyara, an kuma taɓa aikin gyaran reshenmu a shekarun nan, amma zirga-zirgar da iyayenmu suka sani ba ta dawo ba.

Abin da ya rage mana

An buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Muna murna da wannan, amma hanyarsa ta arewacin jiha ce. Kudancin Katsina, inda masara da dawa da waken soya da auduga suke fitowa, tsohon layin nan shi ne nasa.

Kun san halin da ƙasarmu ta shiga a shekarun baya-bayan nan. Ba mu manta da ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a watan Disamba na 2020 ba, ko ƙauyukan Faskari da Sabuwa da aka tasa. Jirgi kaɗai ba zai kawo zaman lafiya ba, gama harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna mana haka. Amma wurin da ma'aikata suke kwana, fitila tana ci, kaya suna fita, matasa suna samun aikin yi, ya fi wuyar zama maɓoyar mugaye fiye da kangon da kowa ya gudu ya bari.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, matasanmu su je wurin tsofaffin ma'aikatan Reluwe da suka rage, da matansu, da tsofaffin 'yan dako da dillalan auduga, ko Kirista ne ko Musulmi, su zauna su saurare su, su rubuta, su ɗauki muryarsu a waya. Wanda yake da tsohon hoto, ko tikiti, ko takardar aiki ta mahaifinsa, kada ya bar gara ta cinye. Na biyu, kada hannun ɗayanmu ya shiga cikin saye ko sayar da ƙarfen dogo, ko cin filin tasha. Kayan jama'a amana ne, wanda ya sayi kayan sata kuwa ya taya ɓarawo. Na uku, idan masu neman ƙuri'armu suka zo, mu tambaye su zancen layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, mu da maƙwabtanmu baki ɗaya, domin buhun masarar Musulmi da na Kirista a mota ɗaya suke tafiya, kuɗin mota ɗaya kuma suke biya.

A ƙarshe, 'yan'uwa, dogo ƙarfe ne, amma bai jure rashin kula ba. Ya yi aiki muddin akwai mai fita da sassafe ya duba ƙusa. Mu da muke bikin shekara 50, mu tuna da waɗanda suka yi irin wannan hidima a tsakaninmu ba tare da an ambaci sunansu ba, mu kuma tambayi kanmu wa zai ɗauki gudumar bayansu.

Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.